Zabarmari: Ruwa, Wuta da Waya a Lissafin Buhun Shinkafa

Maiduguri — Idan kaka ta yi, mai shiga garin Zabarmari yakan hangi hayaƙi tun kafin ya ga gidaje. Hayaƙin na murahun masu gumi ne, waɗanda ke turara shanshera a manyan tukwane da durorin ƙarfe, su baza ta a kan tamfol ta sha rana, kafin a kai ta bakin inji. Ga ƙarar injinan casa, ga 'yan dako suna lodin buhuna, ga kuma dillalai suna ɗibar ƙwaya a tafin hannu, su ciza da haƙori don su ji ko ta bushe. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, kuma shekara da shekaru ke nan sunansa na tafiya tare da shinkafar gida da ake aunawa a kasuwannin birnin.

Wannan sana'a masana'anta ce sosai, ko da yake ba ta da katanga ko maigadi a ƙofa. Tana da masu samar da kayan sarrafawa, watau manoma da 'yan ƙwadagon yanka da bugu. Tana da masu gumi, waɗanda mata ke da yawa a cikinsu, da masu inji, da direbobi, da fatake masu zuba jari. Abubuwan da ke cinye ribarta kuwa su ne dai waɗanda ke hana shugabannin manyan kamfanonin duniya barci: tsadar makamashi, da asarar kaya tsakanin wannan mataki da wancan, da rashin sahihin bayani a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Tun a bikin baje kolin masana'antu na birnin Hanoba ta ƙasar Jamus a 2011 aka fara yayata batun juyin masana'antu na huɗu, inda injina ke auna aikinsu da kansu, su aika wa kwamfuta da rahoto. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, sa'an nan a taron birnin Gilasgo na 2021 Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Mai injin casa a Zabarmari ba ya halartar irin waɗannan tarurruka, amma idan aka sauko da maganar ƙasa, tambayoyinta nasa ne. Nawa ake ƙonawa kafin buhu ɗaya ya fito? Nawa ke zubewa a hanya? Wa ya san farashi kafin wani?

Komai daga ruwa yake farawa. Shinkafar Zabarmari 'yar Fadamar Jere ce, wani kwari mai faɗi da aka ƙiyasta ya kai kadada dubu 22, inda kogin Ngadda ke bajewa bayan ya ratsa Maiduguri. A tsakiyar shekarun 1980 aka gina Madatsar Ruwa ta Alau a kan wannan kogi, a kudu maso gabashin birnin, mai iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 112 ta awon cikin tafki, domin shayar da Maiduguri da kuma noman rani. Daga wannan lokaci, ambaliyar da fadamar ta saba samu da kanta ta koma hannun masu buɗe ƙofofin madatsa. Idan aka saki ruwa a makare, shuka ta sha wuya. Idan aka sake shi da yawa a lokaci guda, ya shafe gonaki. Saboda haka jadawalin buɗe ƙofa ya zama wani ɓangare na jarin manomi, ko da yake ba shi ke tsara shi ba.

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri, ya raba mutane fiye da dubu 400 da gidajensu, ya shiga kasuwanni da sito-sito. Da ya bar birnin kuwa, hanyarsa ɗaya ce, watau Fadamar Jere, inda shinkafa ke tsaye a gona ana sauran 'yan makonni a yanke ta. Asarar ta zo ninki biyu, domin bayan amfanin damina da ya nutse, tafkin da ya kamata ya riƙe ruwan rani shi ma ya zube.

A nan ne maganar na'ura ta fi yin ma'ana. Ma'aunin tsayin ruwa da ake kafawa a bakin kogi, mai aiki da ɗan farantin hasken rana, yana aika adadi ta layin waya kowace sa'a, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da asarar sito ɗaya. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara har da fassarar Hausa, haka ita ma hukumar kula da koguna, NIHSA, tana fitar da nata na ambaliya. Sai dai hasashen shekara daban, labarin cewa ruwa ya ƙaru da kamu biyu tun asuba daban. Na biyun shi ne wanda falke ke iya aiki da shi, ya kira mota ya kwashe buhunansa zuwa tudu. Saƙon murya na minti ɗaya cikin Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, wanda zai bi ta wayoyin shugabannin manoma da na kasuwa, ya isa ya yi wannan aiki.

Ba a maganar Zabarmari ba tare da an tuna ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka yi wa masu yankan shinkafa kisan gilla a gonakin Koshebe. Washegari aka yi jana'izar mutum 43 a garin, Gwamna Babagana Umara Zulum na cikin mahalarta, kuma daga baya adadin ya ƙaru. Rahotannin lokacin sun nuna cewa da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne da suka zo daga Jihar Sakkwato neman aikin kaka. Babu lissafin kasuwa da zai auna wannan rashi. Amma kasuwa ta ji a jikinta: ɗan ƙwadago ya ƙara kuɗin aikinsa ko ya ƙi zuwa, gonakin nesa sun koma saura, sa'o'in aiki sun ragu saboda jiran rakiyar jami'an tsaro, kuma an ƙuntata yawo da takin yuriya da man fetur a jarka a wajen gari don kada su faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya. Duk wanda zai kawo wata sabuwar dabara Zabarmari, dole ya fara da wannan sharaɗi: abin da ba za a iya ɗaukewa a koma da shi gida kafin la'asar ba, yana cikin haɗari.

Wannan sharaɗi shi ya sa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya dace da wurin, muddin an zaɓi ƙarami wanda ake ɗorawa a amalanke ko baro. Tun da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce Naira 1,000 a watan Oktoban 2024, kuma Maiduguri na daga cikin wuraren da suka fi nisa da inda ake ɗauko man. A ɗaya ɓangaren, farashin farantan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a kasuwar duniya tsakanin 2010 da 2020. Matsalar ita ce kuɗin farko. Injin fetur yana da arha ranar saye, ya riƙa cin mai shi kullum. Na hasken rana yana da tsada ranar saye, daga nan sai gyara. Manomin da ba shi da mai ba shi bashi na shekara biyu ko uku, tilas ya zauna da mai cin sa kullum.

Akwai kuma wani abin lura da masu tallar waɗannan injina ba su cika faɗa ba. Idan ɗaga ruwa ya zama kyauta, babu abin da zai sa mutum ya kashe inji, alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Tafkin Chadi yana da iyaka, kuma rijiyoyin da a da suke ɓulɓulo da ruwa da kansu sun daɗe da rage ƙarfi. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin ta fito da wata dabara mai sauƙi: a kafa guntun bututu mai huji-huji a cikin gona, a bar ruwa ya janye har ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sa'an nan a sake ba da ruwa. Wannan yana rage ruwan da ake sha da abin da ya kai kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba, kuma yana rage iskar da ruɓaɓɓen ruwan gona ke fitarwa mai ɗumama duniya. Bututu da sandar awo ne kawai kayan aikin.

Amma inda kuɗi ya fi zubewa a ɓoye shi ne tsakanin murhu da inji, kuma nan ya kamata mai jari ya fi tsayawa. A cikin kilo 100 na shanshera, kimanin kilo 20 ɓuntu ne, kusan kilo 10 dusa ce, sauran kuma ƙwaya. Inji na zamani mai kyau yana iya fitar da kilo 65 zuwa 70 na shinkafa. Tsohon inji mai ƙarfen murza, irin wanda ya cika ƙananan garuruwan Nijeriya, yakan tsaya a kilo 50 zuwa 55, ya kakkarya ƙwaya, ya kuma cakuɗa ɓuntu da dusa wuri guda. Watau a kowane buhu goma da aka zuba masa, fiye da buhu ɗaya na tafiya cikin shara. Cakuɗaɗɗen da ya fitar bai yi kyau da kiwo ba saboda kaushin ɓuntu, bai kuma yi kyau da wuta ba, sai a sayar da shi a wulaƙance ko a tara shi tsibi. Wanda ya taɓa zuwa Abakaliki ta Jihar Ebonyi ya ga irin duwatsun ɓuntun da injina suka tara shekara da shekaru.

Injin da ke ɓare shanshera da robar murza, sa'an nan ya goge ta a wani sashe dabam, yana raba kayan gida uku, kowanne da kasuwarsa. Tsabtatacciyar dusa ba ta rasa mai saye a Maiduguri, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, ga masu kiwon kaji da masu turka raguna. Ɓuntu kuwa makamashi ne. Masu gumi suna ƙona itace mai yawa a yankin da hamada ke matsowa, kuma shiga daji neman itace ya zama sana'ar sai da rai, domin an sha kashe masu yin itace da gawayi a kewayen Maiduguri. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Afirka, AfricaRice, ta ƙera wata tukunyar gumi ta ƙarfe marar tsatsa mai suna GEM, wadda ke turara shanshera da tururi zalla ba tare da ta taɓa ruwan da ke tafasa ba, aka gwada ta a Jamhuriyar Benin da kuma Lafiya ta Jihar Nasarawa, kuma ana iya haɗa ta da murhu mai cin ɓuntu. Amfaninta biyu ne: itace ya ragu ko ya fita daga lissafi, shinkafa kuma ta fito launi ɗaya, babu ƙauri, babu baƙar ƙwaya. Mai sayen shinkafa a birni da ido yake fara ciniki, kuma bambancin farashi tsakanin 'yar gida da 'yar waje yawanci a nan yake, tare da tsakuwa.

Ana iya wuce nan a mai da ɓuntu wutar lantarki. Ana ƙona shi a rufaffiyar tukunya mai ƙarancin iska, ya fitar da gas da ke juya janareta, kuma a ƙananan injina kimanin kilo 2 na ɓuntu ke ba da awo ɗaya na wuta. Kamfanin Husk Power Systems ya fara da wannan dabara a ƙauyukan Jihar Bihar ta ƙasar Indiya a 2008. Amma yana da kyau mai sha'awa ya san cewa da kamfanin ya shigo Nijeriya, da tashoshin hasken rana ya fara a Jihar Nasarawa a 2021. Gas ɗin ɓuntu yana zuwa da kwalta mai toshe inji, yana bukatar ma'aikaci mai horo da wanki kullum, kuma ɓuntu kayan kaka ne, sai an tanade shi. A ganinmu, matakin da ya fi kusa da hannu shi ne a ba murhun gumi ɓuntu, a bar injin casa, wanda da rana yake aiki, ga hasken rana da ɗan taimakon dizal.

Dalilin da ya sa ba a dogara da wutar gwamnati a wannan lissafi sananne ne ga duk ɗan kasuwar Maiduguri. A watan Janairun 2021 aka tayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. An gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake tayar da su, birnin ya shafe kusan shekarar a duhu. Masu ƙanƙara, da masu walda, da masu injin niƙa duk suka koma dizal, sai kuma dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ranar 2 ga Maris 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar gaggawa mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina a Maiduguri. Tashar ta kawo sauƙi, amma gas ɗinta da manyan tankoki ake kawo shi daga Kudu, domin bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta a Kano zai tsaya. Ke nan wutar ta tsira daga turakun daji, ta koma dogaro da kwalta.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, kuma a watan Disambar wannan shekara Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don ƙananan tashoshi da na'urorin hasken rana a Nijeriya. Abin da masu gina irin waɗannan tashoshi ke nema ruwa a jallo shi ne garin da ke da masu shan wuta da rana, domin ƙauyen da ba ya kunna komai sai ƙwan fitila da dare ba ya mai da jari. Garin da ke da jerin injinan casa, da masu cajin waya, da masu sayar da ruwan sanyi, shi ne irin abokin cinikin da suke so. Sai dai ba za su zo a kan jita-jita ba. Za su tambayi adadin injina, da ƙarfin kowanne, da sa'o'in aikinsa, da litar dizal da yake sha a wata na kaka da wata na bazara. Ƙungiyar masu inji da ta rubuta waɗannan a littafi na shekara guda ta riga ta yi rabin aikin.

Batun sufuri gajere ne, domin zaɓin ba shi da yawa. Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, amma ya daɗe da daina ɗaukar kaya, kuma aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a watan Maris 2021 bai kawo jirgi Borno ba. Hanyar Damaturu ita ce jijiyar da ta haɗa birnin da Kano, kuma ba a manta da daren watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka ƙone motoci da matafiya a Auno suna jiran a buɗe ƙofar shiga gari. Inda sabon abu ya ɓullo shi ne gajeren zango. Wani matashin Maiduguri, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir, a kamfaninsa na Phoenix Renewables, sa'an nan a watan Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motoci 107 masu aiki da gas da lantarki da gwamnatin jihar ta sayo. Waɗannan na fasinja ne. Amma kilomita 20 zuwa da 20 dawowa tafiya ce da batir ke yi ba tare da wahala ba, kuma mota mai ɗaukar buhu ashirin da za ta yi caji a inuwar farantan injin casa ba mafarki ba ce.

Waya kuwa ba ta jira shirin kowa ba, da ƙarfi ta shigo kasuwa. Mutanen Borno sun san darajarta tun da aka ƙona turakun sadarwa a 2012, aka kuma katse layuka baki ɗaya a watan Mayun 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, har wajen ƙarshen shekarar. A farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin ƙauye, manomi ya riƙa karyar da kayansa ga duk mai takarda a hannu. Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris, amma kafin nan dubban mutanen da ba su taɓa shiga banki ba sun buɗe asusu a waya, masu na'urar POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suka zama bankin kasuwa. Ga falken da ke bin hanyar da ake tare mutane, rabuwa da jakar kuɗi ba ƙaramin sauƙi ba ne. Illolin ma ba ɓoyayyu ba ne: ladan mai POS, da ranar da sabis ya ɗauke ana tsakar ciniki, da 'yan damfara masu nuna saƙon shigar kuɗi na ƙarya.

Abin mamaki shi ne, kuɗi ya koma na zamani amma awo yana nan inda kakanni suka bar shi. Har yanzu da buhu da mudu ake ciniki, buhun ma kowane dillali da irin cikarsa, danshi kuma da haƙori ake gane shi. Shanshera takan fito daga gona da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, alhali kashi 14 ake so wajen ajiya da casa. Wanda ya sayi ɗanya ya biya kuɗin ruwan da zai bi iska; wanda ya busar da ita fiye da kima ya ba inji ƙwaya mai karyewa. Tun da babu mai tabbas, kowa sai ya rage wa ɗan'uwansa farashi don kare kansa, kuma a ƙarshe a kan manomi abin ke sauka. Sikeli mai lamba da 'yar na'urar auna danshi, wadda ba ta fi girman wayar hannu biyu ba, sun isa su kashe wannan gardama a bakin kasuwa.

Awo na gaskiya shi ke haifar da rasit, rasit kuma shi ke haifar da bashi. Kamfanoni irin su AFEX suna karɓar hatsi a sito, su auna, su ba da shaidar ajiya da mai ita zai iya sayarwa ko ya jinginar, maimakon ya karyar da kayansa a watan Disamba lokacin da kowa ke sayarwa. Gwamnati ta gwada nata hanyoyin. A 2012, zamanin Minista Akinwumi Adesina, an raba takin tallafi ta saƙon waya. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Jihar Kebbi, aka fitar da fiye da Naira miliyan dubu dubu, aka jera dalar shinkafa a Abuja a watan Janairun 2022, amma kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, sabbin shugabannin bankin kuma suka dakatar da irin waɗannan shirye-shirye bayan 2023. Ɗaya daga cikin raunin shirin shi ne wahalar bambance manomin gaske da manomin takarda. Mai gumin da wayarta ke nuna cinikin shekara biyu, da mai injin da ke da littafin abin da ya shiga da abin da ya fita, suna da hujjar da jerin sunayen da aka rubuta a ofis ba shi da ita.

Gaggawar wannan gyara ta fito fili ne saboda katangar da ta kare shinkafar gida ta yi ƙasa. A watan Yunin 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, aka kuma rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A inuwar wannan kariya manyan injina suka bunƙasa a Kano da Kebbi, kuma ko shinkafa mai tsakuwa tana samun mai saye. An janye hanin dala a watan Oktoban 2023, a watan Yulin 2024 aka ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu hatsi na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, sa'an nan Indiya ta sassauta takunkumin fitar da tata a ƙarshen wannan shekara. A 2025 farashi ya sauko, mai saye ya yi murna, manoma da masu injina suka koka cewa kuɗin taki da mai bai sauko tare da shi ba. A irin wannan kasuwa, buhun da tsohon inji ke zubarwa cikin kowane goma, da itacen gumi, da dizal, su ne tazarar da ke tsakanin riba da rufe shago.

A watan Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira miliyan dubu 80 don sake gina Madatsar Alau da faɗaɗa ta, aka kuma ƙaddamar da aikin a watan Maris. Ga manoman Fadamar Jere da fataken da ke ba su jari, abin da ya kamata ƙungiyoyinsu su nema tun aiki bai ƙare ba shi ne a sa ma'aunan ruwa a kan kogin daga sama har zuwa fadama, a riƙa bayyana adadinsu ga kowa, kuma Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda hedkwatarta ke nan Maiduguri, ta riƙa sanar da ranakun buɗe ƙofofi kafin a zuba iri.